Gefen da Aukje Ta Zauna

Sati uku na yi ina kallon hoton Aukje Wiersma a ƙaramin gidan tarihin garinmu, har na kamu da sonta. Baƙar riga, leɓe a tsuke, makullai a cinya. Shugabanmu, Malam Terpstra, ya ba ni aikin rubuta bayanin da za a liƙa a ƙarƙashinta, aikina na farko ke nan. Da ƙwalla a idona na rubuta: "Mace mai takaba, tana duban gurbin mijin da teku ya cinye."

Ranar da za a kai wa masu bugawa bayanin, Kaka Sjoukje ta biyo da kekenta ta kawo mini burodi da cuku. Aukje daga zuriyarmu take, ta wajen Kaka. Ta sa tabarau ta karanta.

"Ke Tjitske, littattafan soyayya sun gama da ke," in ji ta. "Wa ya ce miki kuka take yi?"

"Kaka, baƙi fa ta sa."

"A zamaninsu baƙin rini sai mai hali. Ado ta ci, sakarya. Ina ta juya?"

"Dama."

"Matan aure fa?"

Na waiga bangon da ke bayanmu. Hotunan ma'aurata ne, kowane miji an rataye hotonsa a hagu yana duban dama, matarsa a dama tana dubansa. Kullum ina wuce su, ban taɓa lura ba. Aukje zaman maza ta yi.

"Ta yi takabarta ta gama," in ji Kaka. "Shekara talatin tana riƙe da wurin ƙera jiragen ruwa. Makullan nan na rumbun katako ne. Ita ta kira mai zane, ita ta zaɓi gefen."

Na sake duban leɓen nan. Murmushi take dannewa.

Na shiga ofis, na ce a dakata, na yi kuskure. Malam Terpstra ya fito ya daɗe tsaye gaban hoton, hannu a baya.

"Ni ma na karanta naki na wuce," ya ce. "Me za ki sa?"

"Aukje Wiersma, mai ƙera jirage."

"Shi ke nan?"

Kaka ce ta amsa, tana ɗaure gyale. "Ya ishe ta, Malam. Ba ta son surutu."