Maɓallin Hannun Dama

Mai Nasara ya yi aiki shekaru masu yawa a ma'aikatar noma ta Zinder. Babu ƙauyen da bai shiga da mota ba tsakanin Takeita da Damagaram Takaya, rani da damina, kuma abin da ya fi faɗa wa mutane game da kansa shi ne bai taɓa buge ko ɗan akuya ba. Da ya ajiye aiki, tsohuwar motarsa ita ma ta ajiye nata. Sai autarsu Raudatu, wadda ke aikin kafa famfunan hasken rana a Yamai, ta aiko masa da sabuwa mai aiki da lantarki, ta kuma turo ma'aikatansu suka ɗora farantan hasken rana a kan rufin gidan don kada ɗaukewar wuta ta hana shi fita.

Motar ta yi masa daɗi. Ba hayaƙi, ba ƙara, ba layin gidan mai. Abu ɗaya ne ya ba shi haushi tun farko: ba ta da ƴar sandar nan ta bayan sitiyari da ake ɗagawa ko a danne idan za a sa sigina. An mayar da ita maɓallai biyu ƙanana a jikin sitiyarin, ɗaya na hagu ɗaya na dama, ana latsa su da babban yatsa. Ya yi mita, ya ce wanda ya ƙera wannan bai taɓa shan kwana a lungunan Birni ba. Amma cikin ƴan kwanaki hannunsa ya saba.

Matarsa Hajiya Aliya ba ta cika damuwa da motar ba. Sana'arta alkaki, kuma duk wani biki na kirki a unguwar sai an zo wurinta. Yawancin kwanakinta tana tsakar gida tsakanin ƙullun alkama da tukunyar mai. Ta shiga motar ranar da aka kawo ta, ta sa albarka, ta koma bakin aikinta.

Wata Alhamis da rana tsaka, ya fito daga kasuwar Dole zai karya dama. Ya latsa maɓallin, ya juya sitiyari. Wani ɗan kabu-kabu da ke biye da shi ta gefen dama ya taka birki da ƙarfi, babur ɗin ya zame, shi da matar da ya ɗauko suka zube a rairayi. Allah ya tsare, ba wanda ya karye, sai ƙujewa a gwiwar hannu. Ɗan kabu-kabun bai yi rashin kunya ba. Ya karkaɗe rigarsa ya ce, “Baba, ai ba ka sa sigina ba.”

Mai Nasara ya ce ya sa. Mutanen da suka taru suka ce su dai ba su ga fitila ba. Ya ba da haƙuri, ya kai su ɗakin magani aka wanke musu ciwon. Da yamma a ƙofar gida ya gwada maɓallin, fitilar ta kama tana ƙyaftawa lafiya lau.

Wannan gwajin ne ya tayar masa da hankali. Yana da ciwon suga, kuma an daɗe yatsunsa suna yi masa wani iri, wani lokaci kamar ba a jikinsa suke ba. Bai gaya wa kowa ba. Ya fara tunanin ko yatsan ne ya zame gefe, ko kuwa ya taɓa maɓallin sama-sama yana zaton ya danna. Bayan mako guda abin ya sake faruwa a hanyar Garin Malam: ya latsa, ya karya, direban wata taksi a bayansa ya danna oda ya leƙo yana faɗa. Ya dawo gida, ya jira zuciyarsa ta kwanta, ya gwada da yamma, fitila ta kama.

Daga ranar ya samo tamfol ya lulluɓe motar a gefen katanga. Masallaci a ƙafa, majalisa a ƙafa. Ya ce wa Hajiya Aliya likita ya ce tafiyar ƙasa tana da amfani ga mai suga. Da Raudatu ta kira a waya tana tambayar mota, ya ce tana nan ƙalau, ya yi sauri ya tambaye ta zafin Yamai.

Hajiya Aliya ta zuba ido. Ta lura yana zama a kan tabarma yana matsa babban yatsansa da ɗaya hannun, idan ya ji motsinta sai ya ɗauki carbi. Ta lura ya daina ba baƙi labarin akuyar da bai taɓa bugewa ba. Ana nan sai saƙo ya zo daga Dogo cewa matar ƙaninsa Nomau ta sauka, suna ranar Asabar, Mai Nasara kuma ya ce mata su je tasha su shiga motar haya.

Tana tsame alkaki daga ruwan sukari lokacin. Ta ajiye matsami ta ce ita ba za ta ɗauki kwanuka cike da alkaki ta cusa a motar haya a murƙushe mata su ba, alhali ga mota a gida an lulluɓe kamar amarya. Ya ce batirin ne yake son ya huta. Ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai.

“Malam, me ya same ka?”

Ya ɗago kai ya dube ta. Sannan ya gaya mata duka: ɗan kabu-kabun, matar da ta faɗi, direban taksin, da yatsan da ba ya jin abin da ya taɓa. Ya ce gara ya ajiye tuƙi da kansa tun bai kashe ɗan wani ba, kuma tun yara ba su taru sun karɓe makullin daga hannunsa ba. Abin da ya fi yi masa ciwo, in ji shi, yarinyar nan ta ƙuntata wa kanta ta saya masa mota, ga shi ta zo a lokacin da ya gama amfani.

Ta wanke hannu ta ce ya tashi ya yaye tamfol ɗin. Ya ce ya riga ya gwada, lafiyar mota lau. Ta ce ita ba ta gani ba.

Rana ta take a lokacin, motar ta sha zafi a ƙarƙashin tamfol, sitiyarin ma da ƙyar ake taɓa shi. Ta tsaya a baya, ya shiga ya kunna. Ya latsa na hagu, ta ce ya kama. Ya latsa na dama, ta ce ba komai. Ya sake, ba komai.

“Kin gani ko,” ya ce a hankali.

“Ban ga komai ba tukuna. Fito.”

Tun da suka yi aure ba ta taɓa zama a kujerar direba ba. Ta tattara zaninta ta shiga, ya nuna mata maɓallin, ya koma baya inda ta tsaya. Ta ɗora babban yatsanta, wanda ya shekara yana murza ƙullu, ta danna har sai da farcenta ya yi fari. Fitila ba ta kama ba. Ta danna na hagu, ta kama. Ta koma na dama ta yi ta dannawa, can fitilar ta ƙyafta sau ɗaya ta ɗauke.

Ta leƙo ta taga ta tambaye shi ko ita ma suga ya cinye mata yatsa.

Mai Nasara ya yi tsaye yana kallon fitilar. Ya tuna duk sau biyun da rana tsaka ne, bayan motar ta daɗe a waje, shi kuwa sai da yamma yake gwadawa, bayan ta huce. Ya fara dariya, dariyar ta ƙi tsayawa daidai, ya je ya zauna a kan turmin da ke kife a gindin katanga yana share ido da hannun riga. Ta bar shi ya gama. Sannan ta ce masa maɓalli ya lalace, wannan gaskiya ne, amma yatsan ma ba ƙarya ya yi ba, don haka ranar Litinin za su je wurin likita tare, ba kuma shawara take ba shi ba.

Raudatu ta yi fushi da ta ji, fushin ƴar da ta ga an ɓoye mata abu don a tausaya mata. Ta ce da ya faɗa tun ranar farko da tuni an wuce wurin. Ta bincika wurin dillalin da ya sayar mata, aka ce ba shi kaɗai ba ne, wasu masu irin motar sun kawo kuka iri ɗaya, zafi ne ke sa maɓallin ya ƙi aiki. Za a aiko da sabo, amma sai an jira. Alkasum, mai gyaran wutar mota da Mai Nasara ya daɗe yana hulɗa da shi, ya zo ya duba ya ce kada a buɗe sitiyarin kafin kayan su iso. Ya ƙara da cewa kafin a ƙirƙiro sigina ai da hannu ake yi: hagu direba ya miƙa nasa, dama kuwa sai a samu na zaune a gefe.

Haka suka tafi Dogo ranar Asabar, kwanukan alkaki jere a kujerar baya, Hajiya Aliya a gaba, gilashi a sauke. Ya koya mata tun a ƙofar gida: idan ya ce dama, ta miƙa hannu sosai, kada ta janye sai sun gama shan kwanar. Ta riƙe aikin da gaske, sai dai ta san mutane da yawa a garin nan. Ba su bar Sabon Gari ba ta hango wata da ta taɓa yi wa alkakin aure, ta fitar da hannu tana gaishe ta, motar da ke bayansu ta rage gudu tana jiran su karya. Ya ce mata hannun nan yanzu na hukuma ne, ba na gaisuwa ba. Ta ce to shi ya riƙa gaya mata da wuri, ba sai sun iso bakin kwana ba.

A shingen jandarmomi na bakin gari, wani matashin jandarma ya ga hannu da awarwaro ya fito lokacin da suke sauka gefen hanya. Da aka yi masa bayani ya ƙunshe dariya, ya sara wa Hajiya, ya ce su sauka lafiya amma a gyara da wuri.

Bayan nan hanya ta miƙe, babu kwana. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, gero ya kai gwiwa, mata na cirar ciyawa a gonakin gyaɗa. Da yake motar ba ta ƙara, suna jin juna ba tare da ɗaga murya ba. Ya riƙa nuna mata wurare: ga inda motarsu ta taɓa kafewa a laka manoma suka ciro ta da shanu, ga garin da aka ba shi fura mai tsamin da har yau bai manta ba. Ta ce duk shekarun nan yana dawowa gida da ƙura da gajiya, bai taɓa ba ta waɗannan labaran ba. Ya ce ba ta taɓa tambaya ba. Ta ce yaushe za ta tambaya, yana shigowa yake neman ruwan wanka.

A Dogo labarin ya riga su shiga gida, don wani ɗan garin ya biyo su a babur tun daga Zinder, ya wuce su a hanya. Nomau ya tarbe su yana cewa ya ji Yaya ya sayi mota mai sigina ta zinariya. Matan gidan suka kama hannun Hajiya suna juya shi, suna tambaya ko shi ma da hasken rana yake aiki.

Ranar Litinin likita ya duba shi, ya canza masa magani, ya yi masa faɗa kan ɓoye ciwo, ya ce zai iya ci gaba da tuƙi muddin yana zuwa awo. Hajiya Aliya na zaune a gefe tana gyaɗa kai, har ta ƙara wa likitan wasu laifuffukan da bai tambaya ba, ciki har da alkakin da ke ɓacewa daga kwano idan ta shiga sallah.

Kayan gyaran sun daɗe ba su iso ba, har gero ya fara fitar da kai. Duk tsawon lokacin, in dai fitar rana ce, tare suke yi. Da Alkasum ya sa sabon maɓallin, suka bar motar a rana har azahar, suka gwada, ya kama. Hajiya ta ce alhamdulillahi, kafaɗarta ta huta, aiki ma ya taru mata.

Washegari Mai Nasara ya fita shi kaɗai. Bai daɗe ba ya dawo, ya ce garin ba wani labari. Ya zauna kusa da murhu yana kallon ta tana murza ƙullu, yana ba ta shawarwarin da ba ta nema ba. Can ta ce alkamarta ta kusa ƙarewa, kuma yaron shagon ba ya iya zaɓen mai kyau, sai ta je da kanta. Kafin ta ɗauko mayafi ya riga ya fita yana goge mata kujera.