Ranar da Na Bar Mashigin Rafin Pruitt

Shekara goma sha ɗaya ina cikin masu gadin hadari na gundumarmu, aikin sa kai, amma ban taɓa ganin guguwa mai juyi da idona ba. Mazan duk sun gani. Kowane taro sai sun ciro waya suna nuna wa juna hotuna. Ni kuwa kullum wurina ɗaya, mashigin Rafin Pruitt, inda hanyarmu take ratsa ruwa a kan shimfiɗar siminti. In rafi ya taso, in ja shinge in tare hanya, in sanar. Iyakar aikina ke nan.

Wata Talata ce a watan Mayu. Tun safe iska ta tsaya cik, zufa na karyo wa mutum ko yana zaune. Ƙarfe uku da rabi Wendell Tackett, mai kula da mu daga ofishin agajin gaggawa, ya kira ni ta oba-oba.

"Lorna, maza rafinki. An tafka ruwa a tudun arewa, kuma duk ta nan zai gangaro."

"Rafina dai," na ce. "Wata rana a bakinsa za ku binne ni."

"Za mu kafa miki allon kabari mai kyau. Ke dai tafi."

Na tarar da ruwan ko idon sawu bai kai ba, garau, har ana ganin tsakuwa. Na yi minti ashirin a mota ina kallonsa. Sai muryar Dwight Amsler, ɗaya daga cikinmu, ta fashe a rediyo yana haki: "Guguwa ta sauko! Ta taɓa ƙasa, yamma da gonata!" Mil huɗu ne kacal daga inda nake. Jiniyar gari ta kama kuka.

Na dubi rafi, na dubi yamma. Na ce wa kaina minti goma kawai, na tayar da mota na nufi yamma. Ko shingen ban ja ba, don kada wani ya zo ya tarar da hanya a rufe babu kowa, a tambayi inda nake.

Daga kan tudu na gan ta. Siririya ce, fara-fara, tana lanƙwasa kamar igiya, tana cin gonar alkama. Ƙanƙara na dukan rufin motata, ni kuwa baki buɗe, hawaye na zubo mini don daɗi. A daidai lokacin Wendell ya sake kira.

"Lorna, yaya rafi?"

"Lafiya lau," na ce. "Bai motsa ba."

Da na koma, rabin awa ya wuce. Tun daga kwanar hanya na ji rugugin. Rafin ya zama ja wur, ya haɗiye simintin, yana tafe da kututture da wayar shinge. Can ƙasa kaɗan na hango a-kori-kurar Baba Orval Deskin ta karkace, ta maƙale a jikin bishiya. Shi da matarsa Mama Nadine ba su da ɗakin ƙarƙashin ƙasa na fakewa daga guguwa. Duk lokacin da jiniya ta yi kuka, cocin tsallaken rafi suke gudu su fake. Na san haka sarai. Maƙwabtana ne tun ina yarinya.

Na yi kururuwa a rediyo, na ɗaure igiyar jan mota a bayan tawa, na shiga ruwa har ƙugu. Sau huɗu ina jefawa kafin Baba Orval ya cafke. Shi na iya jawowa. Mama Nadine kuwa sai da 'yan kwana-kwana suka iso suka ciro ta, bayan ta yi minti arba'in ruwan sanyi na kai mata ƙirji. Ƙashin ƙugunta ya karye, daga baya ciwon huhu ya biyo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne godiyar. Ranar Lahadi fasto ya ambaci sunana, aka tafa. Matan coci suka cika mini firji da abinci. Baba Orval ya kawo mini kwalbar zumarsa, ya riƙe hannuna da hannu biyu yana cewa, "'Yar nan, Allah ne ya ajiye ki a wurin." Na sa kwalbar can bayan kabad, inda ba zan gan ta ba.

Kwana tara na iya daurewa. Na je ofis na gaya wa Wendell komai, na ajiye masa oba-obar a kan tebur.

Ya daɗe yana murza goshi. "Na sani," ya ce. "Da kika amsa mini, na ji ƙanƙara a rufin motarki. Ba a yi ƙanƙara a Pruitt ba ran nan. Na ji, na kuma yi shiru, hankalina na kan guguwa. Ni ma ba na barci, in kina son sani." Ya turo mini oba-obar. "Ɗauki abinki. Ba ni za ki gaya wa ba."

A gidan jinya na sami Baba Orval da Mama Nadine, yana ba ta miya da cokali. Na tsaya a ƙarshen gado na faɗi duka, har da ƙaryar da na yi a rediyo. Baba Orval ya ajiye cokalin a hankali.

"Kallo kika tafi," ya ce.

"E, Baba."

"Ta yi kyau?"

Mama Nadine ta ɗago hannu da ƙyar. "Orval, bar yarinya. Ko an ja shingen, kai da taurin kanka zagaye shi za ka yi. Sau nawa na ce maka ka tsaya?"

"Da na tsaya," ya ce, bai dube ta ba. "In Lorna ce tsaye a wurin, da na tsaya."

Na san gaskiya ya faɗa.

Mama Nadine ba ta sake tafiya ba sai da ƙarfen dogarawa. Da kaka ta yi, suka sayar da gonar suka koma wurin 'yarsu a garin Joplin. Na je taya su loda kaya, ba wanda ya kira ni, ba kuma wanda ya kore ni. Ita ta sumbace ni a kumatu, ta ce in riƙa kira. Shi kuwa ya tsaya yana duban akwatunan ƙudan zumarsa guda shida da ke bayan rumbu.

"Ba wurin ajiye su a can," ya ce. "In kina so, ki kwashe kafin sanyi. Ki sa safar hannu, ba su san ki ba."

Ya shiga mota, ya ja ƙofa.