Allon da Sulle Ya Kafa

"Matsa da shi gaba kaɗan," in ji Sulle. "Ƙara dai. Kai shi har bakin kwata."

Kabir mai fenti ya ja igiyar awo ya kai inda aka nuna masa, ya ajiye dutse a wurin, ya miƙe yana share gumi da bakin riga. Hantsi bai gama ɗagawa ba, amma zafin bazara ya riga ya sauka a Karaye, ga shi ranar kasuwa. A gefensu allon yana kwance a kan kura, an lulluɓe shi da tsofaffin buhuna, ƙafafunsa na ƙarfe sun zarto ta baya.

"Ni dai na gaya maka tun farko," in ji Kabir, "allon shago a goshin shago ake liƙa shi, yana kallon titi. Kai ka ce a gicciye, kuma ya sauko har ƙasa. Shanu za ka tare?"

"Kai dai haƙa rami."

"To, ranka ya daɗe, mai katanga."

Sulle bai yi dariya ba. Ya bar shi yana haƙa, ya bi titi ya yi yamma, wajen da mutanen Rogo da ƙauyukan can suke shigowa. Da ya yi nisa ya juyo, ya runtse ido ɗaya, ya ɗaga tafin hannunsa daidai inda allon zai tsaya. Shagon Muntaka ya ɓace a bayan hannun, har da ɗan allonsa mai shuɗi da fari. Ya daɗe a haka kafin ya sauke hannun.

Muntaka ɗan wan babansa ne. Tare suka tashi sana'ar iri da maganin feshi, tun tana kan teburi guda a bakin kasuwa. Sulle ne mai zuwa Kano sari, shi ne kuma mai bin ƙauyuka a kan babur yana nuna wa manoma yadda ake haɗa magani a famfo. Bara waccan ya dawo daga Kano da kaya, ya tarar an ɗora sabon allo a goshin shago, an rubuta Muntaka da 'Ya'yansa. Da ya yi magana, Muntaka ya yi dariya a gaban mutane ya ce, "Haba Sulle, ai kai ma a cikin 'ya'yan kake." Shi da yake da mata da 'ya'ya biyu. Daga ranar baƙi suka fara kiransa yaron shago, Muntaka kuma bai taɓa gyara wa kowa ba.

Bana ya kama shagon da ke jikin na Muntaka ta yamma. Bijiminsa ya sayar saboda allon nan, matarsa Lauratu ta yi kwana da kwanaki ba ta sake masa fuska ba. Ya san in manoma ba su saba da ƙofarsa kafin ruwan shuka ba, to sai wata shekarar, in shagon ya kai.

Da aka yaye buhunan, masu wucewa suka fara tsayawa. Sulle da kansa ya zaɓi komai. Rawaya, don a hango daga nesa. Sunansa da ja, da boko a sama, da ajami a ƙasa saboda dattawa. Wanda ba ya karatu kuma ga zane: goyon masara, tushen gyaɗa, da mutum goye da famfon feshi yana murmushi.

"Wannan mai gashin bakin wane ne?" wani ɗan acaɓa ya tambaya.

"Sulle ne mana," in ji Kabir. "Ba ka ga kunnuwan ba?"

Mutum shida suka kama aka tayar da allon, aka zura ƙafafun a rami, Kabir ya kwaɓa siminti da tsakuwa ya cika, ya tokare da itace ta kowane gefe. Ana cikin haka Muntaka ya fito daga shagonsa, carbi a hannu. Ya zagayo ya kalli gaban allon, ya koma ya kalli bayansa, inda babu komai sai baƙin ƙarfe.

"Ina kwana, Yaya," in ji Sulle, har da ɗan rusunawa.

"Lafiya lau. Allah ya sanya albarka." Muntaka ya nuna allon da carbinsa. "Sulle, wannan ai ya rufe ni."

"A gaban shagona yake, Yaya. Ko taku ɗaya bai shiga naka ba. In kana so a sake awo, ga Kabir."

Muntaka ya dube shi, ya dubi mutane, ya juya ya shige. Sulle ya ji wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙirji har cikinsa. Abin da ya jima yana jira ke nan.

Kuma safiyar ta zama tasa. Masu shigowa daga yamma, a kan babura da motocin haya, allon ne yake fara tarbarsu. Wasu sun san shi tun yana bin ƙauyuka, suka sauka ana gaisawa ana tambayar iyali. Ya sayar da irin masara, ya sayar da maganin ciyawa, har famfo ɗaya ya fita. Lokaci-lokaci yakan leƙa ta gefen allon, ya hango Muntaka zaune shi kaɗai yana korar ƙuda daga kan buhun iri. In ya gani sai ya dawo ya ƙara wa mai saye ɗan gyara.

Baba Maikuɗi ma ya tsaya, wani tsoho daga Unguwar Hajji wanda duk inda ya sayi iri mutanen ƙauyensu nan suke bi. Yana jan akuya. Ya sa yatsa ya bi ajamin a hankali.

"Kai ne nan, ɗan nan? Madalla. Bari in kai wannan 'yar banzar kasuwa, in na rabu da ita zan dawo, ka ware mini na gyaɗa mai kyau."

"Yana nan yana jiranka, Baba."

Ya ware masa, ya ɗaure, ya ajiye a ƙarƙashin teburi.

Bayan azahar rana ta karkata. Ta zo ta daki fuskar allon sosai, rawayan nan ya riƙa walƙiya har ba a iya kallonsa, ƙarfen ya ɗau zafi yana hurowa ƙofar Sulle kamar bakin tanda. Mutum biyu da suke kan bencinsa suka yi sallama suka tashi. Wanda ya tsaya tambaya ma a tsaye yake yi, hannu a goshi, ya wuce. Sulle ya koma can ciki yana fifita da kwali.

Can sai ya fara jin surutu daga bayan allon. Da fari muryar mace, tana cewa ga fura ga nono. Sai ƙarar babur, ya zo ya mutu. Sai wani. Sai dariya. Ya fito ya leƙa.

Inuwa ce, doguwa, mai faɗi, ta kwanta tun daga gindin allon har ta wuce ƙofar Muntaka. Duk layin nan babu itace ko ɗaya tun da aka faɗaɗa titi. Shekarun da ya yi a wancan shagon, da rana ta juya sai dai su shige ciki su bar ƙofa ba kowa, ya san haka sarai, amma ko sau ɗaya abin bai faɗo masa ba. Yanzu ga mai fura ta sauke ƙwaryarta, 'yan acaɓa sun jera babura, manoman da suka gama kasuwa suna jiran mota sun zazzauna. Muntaka ya fito da benci biyu da tabarma, yana mirgino randa da kansa.

"Bismillah, ku sha ruwa. Wurin ai naku ne."

Wanda ya zauna kuwa ido yake bi da kaya. Wannan ya ce miƙo mini kwalbar can in gani, wancan ya ce wannan irin kwana nawa yake yi. Sulle yana tsaye yana ji, har muryar Baba Maikuɗi ta fito daga cikin taron, yana ba da labarin yadda akuya ta ja shi ya kusa faɗawa kwata. A gefen ƙafar tsohon akwai ƙullin iri a cikin leda, irin ledar shagon Muntaka.

Sulle ya koma ciki ya kira Kabir a waya.

"Kana ina?"

"Ina Rogo, ina rubuta wa wani mai kemis. Allon ya faɗi ne?"

"Inuwa yake yi masa."

Kabir ya fashe da dariya har yana tari. "Wallahi ni ma ban kawo ba. Kai, Sulle! Ka sayar da sa ka gina wa yayanka rumfa."

"Ba wasa na kira ka ba. Za a iya cire shi?"

"Yau dai simintin ɗanye ne, diga za ta fasa shi. In ya kwana ya kama, sai dai a yanke ƙafafun, ka yi asarar ƙarfe. Ka bari mana..."

Sulle ya kashe wayar. Ya rufe shago, ya tsallaka titi wurin wasu magina ya aro diga. Yana tafe yana jin nauyinta a kafaɗa, yana shirya abin da zai yi. Zai tumɓuke shi a gaban idonsu. Ko allon zai kwana a ƙasa, ko ba za a ƙara ganin sunansa daga nesa ba, bai damu ba, Muntaka dai ba zai sha inuwarsa ba. A ransa har ya ga ranar tana komawa kansu, suna tattara takalma, mai fura tana neman gammonta.

Ana kiran la'asar daga masallacin cikin kasuwa lokacin da ya zagayo bayan allon. Ya tsaya.

An share wurin. An jera duwatsu da gutsattsarin bulo a layi, an fitar da ɗan lanƙwasa ta gabas inda liman zai tsaya. Mutane suna tsugune a bakin kwata suna alwala, butoci suna zagayawa. Baba Maikuɗi yana gyara dutse na ƙarshe da sandarsa. Ya ɗago ya gan shi.

"Yauwa, ga mai ladan nan! Jama'a, ga wanda ya yi mana inuwa. Shekara nawa muna tafiya har cikin kasuwa da ƙafafun nan, mota ta tashi ta bar mu. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Allah ya sa ka samu inuwa ranar da babu wata sai tasa."

"Amin," wurin ya ɗauka gaba ɗaya.

"Har da diga ka zo? Allah sarki. Gyaran wurin ai mun gama, sai dai in ka ga inda bai daidaita ba."

Sulle ya sauke digar daga kafaɗa. Ya dubi duwatsun. A garin nan ba a taɓa jin wanda ya tashi wurin da aka jera wa duwatsu aka yi salla ba, balle ya cire wa masu salla inuwa. In ya ɗaga digar nan, kafin magariba labari ya kai Rogo, kuma ba da sunan da ke jikin allon za a riƙa kiransa ba.

"Ba komai, Baba," ya ce a hankali. "Ya daidaita."

Ya jingine digar a bango. Wani ya miƙo masa buta. Da aka tada iƙama aka yi ta matsawa ana cewa a ba shi sahun gaba, har ya tsinci kansa kafaɗa da kafaɗa da Muntaka, ɗan yatsan ƙafarsu yana taɓa juna. Ya yi sallar, amma bai san surar da ya karanta ba.

Bayan an shafa addu'a mutane suka koma hira, mai fura ta ci gaba da damu. Sulle yana zaune bai tashi ba. Muntaka ya miƙe ya ɗebo ruwa a randa ya cika buta biyu, ya zo gindin allon ya tsuguna. Ya tsiyaya a kan simintin ƙafa ta farko a hankali, yana bi ta kowane gefe, sannan ya koma ta biyu.

"Sabon siminti yana son ruwa," ya ce, bai ko ɗago ba. "In ba a ba shi ba sai ya tsage. Kar ka damu, ƙanena, safe da yamma ni zan riƙa zuba masa."