Tafintan Baba Sidiku

Sualihu ya ciji zaren ya tsinke shi, ya shafa man kaɗe a kan ɗinkin, ya ture ƙafar gefe da ɗan haushi. Karo na uku ke nan yana ɗinke wa Baba Sidiku fason dugadugi tun da suka baro Yendi, irin ɗinkin da fatake ke yi wa juna a zango da allura mai kauri. Tsohon ko motsi bai yi ba.

"Baba, ga jaki nan babu kaya. Ka hau mu tafi mana, wa zai gan ka a dajin nan?"

"Wanda na yi wa alkawari yana gani."

"To, Allah ya ba ka lada. Ni kuma ya ba ni haƙuri."

Kwana goma sha tara ke nan da fitowarsu daga Salaga. Ayarin goron Sualihu tuni ya yi gaba, watakila ma abokan tafiya sun kwance huhu a kasuwar Bawku, shi kuwa yana nan yana jan ƙafa a bayan tsoho. Amma ya zai yi? Baba Sidiku bawan gidansu ne tun kafin Bature ya hana bauta. Yana yaro aka kamo shi daga ƙasar Kusasi. Da kogin Daka ya ci mahaifin Sualihu, Madugu Abdul-Rahim, wannan bawan ne ya rene shi, ya koya masa ɗaurin kaya da zaɓen goro. Daga baya ya tafi Kumasi dako, ya dawo da gicciye a wuya da suna wai Tomas, sunan da ba wanda ya taɓa kiran sa da shi a Salaga.

Bana da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, sai ya tashi da magana ɗaya. Ya ji an gina coci a kan wani tudu kusa da Bawku, a ƙasar da aka haife shi, kuma can zai je da ƙafarsa kafin idin Ista, ya faɗa wa Fada, limamin cocin, wani zunubi da yake ɗauke da shi. In bai sauke ba, in ji shi, kabari ma ba zai karɓe shi ba. Yau Asabar, gobe Ista, ga tudun can ana hangowa, amma kamar ja da baya yake yi.

Rana ta take, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa. Masu ziyara suka riƙa wuce su ƙungiya-ƙungiya, mata da ƙwarya a ka, maza da gicciyen kara a hannu, suna waƙa. Duk wanda ya zo sai ya gai da tsohon da Kusasanci, shi kuwa sai dai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Harshen uwarsa ne, amma shekara sittin ta cinye shi ƙaf. Sualihu, da ya koya a wajen cinikin shanu, shi ke amsawa.

Wata mata ta dubi tafiyar tsohon ta girgiza kai. Ta ce da Sualihu in rana ta karkata aka kaɗa ƙararrawa, Fada zai tashi daga sauraron zunubai, bayan idi kuma ƙauyuka zai shiga, sai damina.

"Ka ji, Baba? In aka kaɗa ƙarfen nan, mun sha wahalar banza."

"Na ji."

Ya ji ɗin, amma bai ƙara sauri ba. Kowace kuka suka iso sai ya tsaya ya dafa ta, wai ko nan ne ƙofar gidansu. Sualihu ya yi azahar a gurguje, ya sallame ya tarar da shi zaune yana jan carbinsa mai gicciye, ya juya wa tudun baya. Nan ya gane ba ƙafa ce kaɗai ke riƙe tsohon ba. Tsoro ne. Abin ya ba shi tausayi, ya kuma ba shi haushi. Mutumin da ko kazar wani bai taɓa ɗauka ba, wane zunubi gare shi da har zai sa a bar kasuwa?

"Tashi, Baba. Dafa kafaɗata. Alkawarinka bai hana dafa mutum ba."

Haka suka hau tudun, jaki na biye, ɗinkin dugadugin yana barin jini a kan duwatsu. Cocin ginin laka ne da jinkar ciyawa. Layin masu jira ya ƙare, wani mutum har ya ɗauki guduma ya nufi guntun ƙarfen da ke rataye a bishiya. Sualihu ya daka masa tsawa da Kusasanci ya dakata.

Fadan Bature ne saurayi, ja wur da zafi, yana zaune a kujera a inuwar bango. Baba Sidiku ya durƙusa ya fara magana, Fada ya kasa kunne, sannan ya buɗe hannuwa. Bai jin Hausa ko ta sayen gishiri. Kusasanci kaɗai ya koya, katikis ɗinsa, wato mataimakinsa mai jin Hausa, kuma ya tafi jana'iza Zebilla. Ya dubi Sualihu, ya ce addininsu ya yarda a sa tafinta in ta kama, muddin mai zunubin ya amince, shi kuma tafintan ya rantse maganar za ta mutu a cikinsa.

Da Sualihu ya mayar masa, tsohon ya ɗago ya dube shi.

"Ashe haka aka tsara," in ji shi. "Zauna, ɗana."

Sualihu ya rantse da Allah, ya zauna a tabarma, ya yi yadda tafinta ke yi, wato ya ari bakin mai magana ya ce "ni" a madadinsa.

"Ubangidana ya ba da ƙanwata Zalia tukwici ga wani baƙo, ban sake ganin ta ba." Sualihu ya mayar. "Da damina muka zo ƙetare Daka. Ya shiga ruwa da igiya a ƙugu, ɗaya bakin yana hannuna. Ruwa ya ja shi. Na ce wa mutane igiyar ce ta kufce." Tsohon ya sunkuyar da kai. "Ba kufcewa ta yi ba. Ni na sake ta."

Kunnen Sualihu ya yi ɗum. Shekara talatin da uku yana cin tuwo kwano ɗaya da mutumin nan. Zuciyarsa ta tafasa, ya ji kamar ya tashi ya ja jakinsa. Ko kuma ya ce wa Fada goro kawai tsohon ya sata, wa zai sani? Tafintocin Joji kullum haka suke juya magana, a yanke hukunci a kan abin da ba a faɗa ba. Amma in ya yi haka, tsohon zai koma Salaga da kayansa a ka, yana zaton ya sauke.

Fada yana jira. Sualihu ya share gumi, ya buɗe baki.

"Ni na saki igiyar," ya ce da Kusasanci.

Fada ya rufe ido na ɗan lokaci. Sannan ya tambaya ko mamacin ya bar iyali, ko an nemi gafararsu, ko sun yafe.

Sualihu ya dubi ƙafafun da ke durƙushe a gabansa, ya dubi furfurar. Bai mayar da tambayar ba.

"Sun yafe," ya ce.

Fada ya ɓata rai. Ya ce tafinta ba ya amsa wa mutum, ba shi aka tambaya ba, ya juya ya tambayi mai zunubin.

Sualihu ya juya. Tsohon ba Fada yake kallo ba, shi yake kallo.

"Baba, wai yana tambaya ko ɗan mamacin ya yafe maka." Ya ja numfashi. "Ka ce masa e."