Takarda a Bakin Kabari

A jihar Tennessee alƙali ya ba Twyla Maggard takardar kariya, shi kuwa mijinta Boyd, wanda aka yi takardar dominsa, a Virginia yake zaune. Tsakanin jihohin biyu babu kogi babu dutse, layin fenti ne a tsakiyar titi. Ko kare tsallake shi yake yi bai sani ba. Ɗan sanda ne kaɗai ba ya iyawa.

Takardar ta tsaru. Ta hana Boyd kusantar Twyla, ta hana shi kiran ta a waya, dokar ƙasa kuma ta ce kowace jiha dole ta yi aiki da ita. Sharaɗin ɗaya ne, sai an danƙa masa ita hannu da hannu. Kafin nan, duk abin da ke ciki sirri ne tsakanin Twyla da alƙali.

Aka tura wa 'yan sandan wancan gefen su kai masa. Suka ce sun je ba su same shi ba. Boyd ƙato ne, motarsa ja ce, salansarta a fashe take, kurma ma ya san wucewarsa. Sai dai wanda aka aika abokin farautarsa ne, kuma a makon nan idonsa ya ɗan yi rauni.

Da rana Boyd ba ya tsallako layin. Twyla dai takan tashi da safe ta tarar an sace iskar tayoyin motarta a ƙofar ɗakin da take haya. Haƙarƙarinta bai gama ɗinkewa ba, a zaune take barci.

Hensley, ɗan sandan wannan gefen, ya ce mata, "Ya tako ƙasarmu kawai, ni zan ba shi. In ranar zaman kotu ta zo bai karɓa ba, sai dai a ɗaga ko a koma farko."

"To in kawo maka shi a jaka?"

"Baiwar Allah, ni a can ba kowa ba ne. Ko mai na je sha, layi nake bi."

Ana cikin haka Mama Opal, mahaifiyar Boyd, ta rasu. Duk dangin Maggard ita kaɗai ce ba ta taɓa tambayar Twyla me ta yi masa ba. Ita ta kai ta asibiti, da likita ya tambaya ko faɗuwa ta yi, tsohuwar ta ce, "Ba faɗuwa ba ce. Ɗana ne." Mutanen tsaunukan nan kuwa, duk inda aure ya kai mace, gawarta gida take komawa, maƙabartar iyayenta. Ta iyayen Opal tana kan wani tudu a Tennessee.

Hawayen Twyla bai bushe ba wannan lissafin ya faɗo mata, cewa dole Boyd ya tsallako layin, ta ji kunyar kanta. Da kunyar ta ɗauki waya ta kira Hensley.

Hensley ya ce, "Ranar jana'izar uwarsa?"

"Ka san wata ranar?"

Bai san wata ba. Ya yi alkawari zai tsaya a gindin tudu har a gama rufe ta.

Ran jana'iza Twyla ta zo da tukunyar wake da burodin masara, don ba a zuwa gidan rasuwa hannu biyu. Charlene, ƙanwar Boyd, ta karɓa ba ta ko buɗe ba.

"Ashe za ki iya zuwa. Mama ta ce a ajiye miki kujera a gaba, cikin dangi. Ni dai saƙo na isar."

Boyd yana cikin masu ɗaukar akwatin gawar, da kwat ɗin aro da ta matse shi a kafaɗa. Kuka yake yi. Twyla ta sha ganin kukansa, yawanci washegarin duka, amma yau ne karo na farko da ba ya leƙen ko ana kallon sa.

Wani ɗan baffansa ya hango motar 'yan sanda a ƙasa. Ya sulale ya je ya juya jar motar Boyd ta fuskanci hanyar baya, ya bar ta a kunne. Hensley ya ji salansa, ya gane in ya jira amin ɗin ƙarshe ƙura zai tarar. Ya cire hularsa ya hawo, fasto bai ma buɗe littafi ba.

"Boyd Maggard, Allah ya ji ƙan mahaifiyarka. Wannan taka ce."

Boyd ya ɗauka katin ta'aziyya ne, tun safe su ake miƙa masa. Ya karɓa har da godiya. Sai da ya buɗe ya ga hatimin kotu.

Hensley ya ce, "Daga yanzu ta fara aiki. Ba za ka tsaya inda take ba."

Charlene ta ce, "Yau kuma? Daga kabarin uwarsa za ka kore shi?"

Hensley ya ce, "Shi takardar ta ɗaure, ba ita ba. In tana nan, shi zai matsa."

Kowa ya juyo yana kallon Twyla. Doka tana bayanta, jihohi biyu da gwamnatin tarayya duk suna bayanta, ga kujerar da mamaciya ta ajiye mata. Ta dubi akwatin. Matar da ke ciki ta faɗi gaskiya a kan ɗanta, amma ba ta daina son sa ba ko na yini ɗaya. Twyla ta ɗauki jakarta ta miƙe. Babu wanda ya ce ta zauna.

Hensley ya biyo ta suna gangarowa. A tsakiyar tudu ta tsaya.

"Nan ya isa?"

Ya auna da ido. "Ƙara kaɗan."

Ta ƙara, har bakin titi. Daga nan bayan mutane kawai take gani. Hensley ya ce mata yanzu duk jihar da ta shiga takardar za ta bi ta, in Boyd ya kuskura ya matso kama shi za a yi. Ta ce ta gode.

Can sama suka fara waƙa. Ta kasa kunne, iska tana kawo muryoyin tana mayarwa.

"Wace ce suke rera mata?"

Hensley ya saurara, ya ce shi ma ba ya ji sosai.