Gangar Gayyar Kambai

Tun farkon damina Kambai bai taɓa fashin gayya ba. Ya yi huɗa a gonar wannan, ya yi noma a ta wancan, har bayansa ya daina miƙewa. Ka'idar ƙauyensu Madakiya ke nan: ka je wa kowa, ranar taka kowa ya zo maka. Tasa ta faɗo a ƙarshe, ranar yankan acca, ita kuwa acca idan ta nuna ba ta jiran kowa, zubewa take yi.

Matarsa Afiniki ta dama kunu, ta ɗora tukunyar fate. Aka buga ganga, samarin gari suka hallara a bakin gona da laujensu.

Ashe gangar ba su kaɗai ta kira ba. Wani ɗan kwangila da ya yini jiya yana yawon neman lebura a Kafanchan bai samu ba, ya biyo sautin da babbar motarsa. Ya tarar an tara masa majiya ƙarfi wuri guda, ko gumi bai yi ba. Ya ce Legas ta cika ta batse, gwamnati za ta gina sabon babban birni can wajen Suleja, ana neman masu saran daji, kuma motar yanzu za ta tashi.

Zamani, shugaban samarin, shi ya fara ajiye lauje.

"Zamani!" Kambai ya daka masa tsawa. "Ranar naka ban zo ba? Da zazzaɓi na zo!"

"Baba, ka yi haƙuri. Legas ya cika, aikin gwamnati ne."

"Ni na cika shi? Ko tashan jirgi ban taɓa wucewa ba!"

Haka suka ɗare motar, ba mai iya haɗa ido da shi. Marasa kunya, har da kurɓar kunun kafin su hau. Kambai ya juya ya dubi accarsa. Abincin shekara guda ne tsaye a gonar nan.

Can sai ga tsoho Eli, mahaifin Zamani, wanda idonsa ya kusa mutuwa, yana dogara sanda, ya lalubi laujen ɗansa a ƙasa.

"Na zo a madadinsa. Nuna mini inda zan fara."

Kambai ya karɓe laujen, ya zaunar da shi a inuwa, ya shiga gonar shi kaɗai. Damƙar farko da ya yi, ƙwayar ta zube ƙasa tun kafin ya yanka.