Sufanar da Ta Ɓata a Rumfa ta Biyu

Ƙarfe uku da rabi na yammacin Alhamis, Torleif Myrvang ya tsaya gaban allon kayan aiki ya ga gurbi ɗaya wayam. A rumfar gyaran jirage kowane ƙarfe yana da siffarsa da aka zana da jan fenti a jikin allo, don in an ɗauke shi ba a mayar ba, zanen ya tona asiri. Yau zanen wata 'yar sufana ce yake kallonsa, wadda tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba.

Ya sake bin allon da ido daga sama har ƙasa, ko Allah zai sa tsufa ne ya fara yi masa wasa. Ina! Shekara talatin da ɗaya yana duba aikin kanikawa kafin ya buga hatiminsa, idonsa bai taɓa yi masa ƙarya a gaban allo ba.

"Kowa ya ajiye abin da ke hannunsa," ya ce, bai ko ɗaga murya ba. "Sufana ta ɓata."

Dokar ba baƙuwar kowa ba ce: in ƙarfe ya ɓata, jirgin da aka yi wa aiki ba ya motsawa sai an gan shi. Ga helikwaftan nan tsaye a tsakiyar rumfa, yanzun nan aka rufe masa murafu bayan kwana uku ana aiki a kan giyarsa, can ƙarƙashin babbar farfela. Jibi Asabar da safe zai fara jigilar kuratan soja zuwa kan duwatsu wurin atisaye. Kamfanin ba na soja ba ne, kwangila yake yi musu, kuma a watan Mayu za a duba ko za a sabunta ta.

Wani dogon bakanike ya ɗaga hannu a hankali. Sindre ne, mijin 'yar Torleif.

"Ni na ɗauke ta da safe," in ji Sindre. "Na ɗauka na mayar."

"Ka ɗauka ka mayar, ko ka mayar?"

Sindre ya sunkuyar da kai. Aka shiga nema. An zazzage aljihuna, an juye kwandunan shara, an bi daɓe da maganaɗisu, an leƙa duk inda madubi da tocila za su iya shiga a jikin jirgin. Har aka tashi aiki babu ita babu dalilinta. Wuri ɗaya ya rage, ƙasan giya, inda hannu ba ya kaiwa sai an sake kwance komai. Wannan kuwa aikin kwana huɗu ne.

* * *

Tun rasuwar matarsa, duk Alhamis a gidan 'yarsa Ragnhild yake cin abincin yamma. Ta dafa kifi da dankali, ta zuba narkakken man shanu a kai kamar yadda yake so. Cikinta wata bakwai, sai ta dafa teburi take zama. Sindre ya tsakuri abincin ya miƙe, wai zai share ƙanƙarar ƙofar gareji.

"Baba," ta ce da ƙofa ta rufe, "ka rubuta rahoton?"

"Gobe da safe."

"Da sunansa?"

"Fom ɗin yana tambayar wanda ya ɗauka."

Ta ajiye cokali. "Ka san takardar aikinsa ta wata shida ce. Sau huɗu ana sabunta ta, kullum sai mun yi mako ba barci. A ƙarshen watan gobe za ta sake cika."

"Dokar kamfani ta ce ba a hukunta wanda ya faɗi kuskurensa."

"Haba Baba! Ni za ka karanta wa allon bango? Ina Steinar da ya ba da rahoton tiyon mai bara? An hukunta shi? A'a, godiya ma aka yi masa a gaban kowa, har da tafi. Da takardarsa ta cika sai aka ce ba gurbi. Yanzu yana can bakin teku yana fiɗar kifi, sau ɗaya a wata yake ganin 'ya'yansa."

Torleif bai musa ba, don shi ma ya yi tafin ranar. Abin ya daɗe yana cin sa a rai.

"Yara goma sha takwas jirgin nan zai ɗauka a kowane sawu, Ragnhild. 'Yan shekara sha tara. In ƙarfen nan ya gangara ya tokare sandar da matuƙi ke juya farfela da ita..."

"In! Kullum in! Ka gan ta a ciki da idonka?"

"Ban gan ta ba. Shi ya sa nake tsoro."

"To ƙila ta faɗa magudanar ruwa. Ƙila wani ya tafi da ita gida a aljihu. Kai dai ba ka taɓa yin kuskure ba, shi ya sa ba ka san zafinsa ba." Hawaye ya zubo mata, ta share da bayan hannu cikin fushi. "A garin nan in ba kamfanin ba, aikin me ke akwai? Jikarka ce a cikin nan, Baba. Kwana ɗaya tak ka kau da kai."

Ya dubi kifin da ke gabansa, ya ji ya fita ransa. Tausayinta ya kama shi.

* * *

Da safiyar Juma'a ya shigo rumfa yana kakkaɓe ƙanƙara daga takalmi, sai ya tarar da manaja Oddvar Brekke tsaye gaban allo da kofin gahawa, fuska fal fara'a. Oddvar mutum ne mai daɗin baki, ya san sunan matar kowa da ranar haihuwar kowa, ko kora zai yi maka sai ya dafa kafaɗarka.

"Albishirinka, tsoho! Ɓatacciya ta dawo gida. A bayan injin wanki aka tsince ta, cikin aljihun rigar aiki ta tafi."

Ga sufana kuwa rataye a gurbinta. Torleif ya ciro ta ya juya. Kowane ƙarfe na rumfar akwai lambar da aka sassaƙa a jikinsa, kuma wadda ta ɓata shi da hannunsa ya sassaƙa mata tata shekara tara da suka wuce. Hannaye sun goge waccan lambar har ta yi sumul. Wannan da ya shafa da babban yatsa sai ta karce shi. Ko ɗigon baƙin mai babu a bakinta.

Ya ɗaga kai ya nemi Sindre. Sindre yana can ƙarshen rumfa yana goge abin da ba ya buƙatar guga.

"Wannan ko noti ɗaya ba ta taɓa kwancewa ba, Oddvar."

"Injin wanki ne ya wanke ta tas."

"Injin wankin ne ya sake mata lamba?"

Fara'ar ta ragu, amma ba ta tafi ba. Oddvar ya ja shi gefe. "Saurara, Torleif. Allo ya cika ko bai cika ba? Doka ta ce allo ya cika. In jirgin nan bai tashi gobe ba, a Mayu wasu za a ba kwangilar. Mutum tamanin ke ci a nan, da surukinka a ciki. Kuma in ka ce wannan jabu ce, to wa ya sassaƙa ta? Ka san ba sunana za a rubuta ba. Ɓatar da ƙarfe kuskure ne, wannan kuwa har kotu."

Nan Torleif ya gane irin ramin da aka gina masa. Jiya aikin Sindre kawai ke kan siraɗi, yau har da 'yancinsa.

"Ba zan buga hatimina ba," ya ce.

"Ba komai. Kjell zai buga, shi ma mai duba aiki ne. Kai kuma ka gaji, fuskarka ta nuna. Ɗauki mako biyu ka huta, ka je ka yi kamun kifinka."

Kafin sha ɗaya Kjell ya buga. Bai ko taɓa sufanar ba, allo ya kalla ya ga ya cika. Shekara biyu ta rage masa ya yi ritaya, kuma shi ba ya neman abin da ba a nuna masa ba.

* * *

Torleif bai tafi gida ba. Ya tsallaka fili ya nufi ofishin Manjo Tuva Lien, wadda soja suka ɗora a kan kula da kwangilar. Ta saurare shi da kyau, har ta ture kwamfuta gefe.

"Kana cewa an yi jabun ƙarfe? In haka ne yanzun nan zan dakatar da jirgin. Amma sai ka rubuta, ka sa hannu, ka faɗi wanda kake zargi."

Ya buɗe baki. Fuskar Ragnhild ta faɗo masa, da yadda take dafa teburi kafin ta zauna.

"Ban ce an yi jabu ba," ya ji kansa yana faɗa. "Na ce dai... raina bai kwanta ba."

"Takardun jirgin sun cika?"

"Sun cika."

"Mai duba aiki ya buga hatimi?"

"Ya buga."

Ta yi ajiyar zuciya. "Ni ba bakanikiya ba ce, Myrvang. Ba zan iya hana bataliya guda tashi saboda ran mutum ɗaya bai kwanta ba. Akwai fom na damuwa da ba a sa suna. Ka cike shi, za a duba cikin kwana talatin."

"Wa ke dubawa?"

"Yana fara zuwa wurin shugaban kula da kariya na kamfaninku." Ta leƙa takarda. "Brekke. Tun da aka haɗe ofishin da na manaja shi ke riƙe da shi."

Torleif ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji. An ba kura ajiyar nama ke nan. Ya karɓi fom ɗin duk da haka, ya ninke, ya yi godiya. A mota ya zauna ya daɗe bai tayar ba. Kunya yake ji, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro, don ya san bai yarda ba kuma bai hana ba, hannunsa kawai ya janye.

* * *

Asabar gari ya waye garau, rana tana ƙyalli a kan ƙanƙara har ido ba ya buɗuwa sosai. Yana share ƙofar gidansa da shebur, sai ga motar Ragnhild ta tsaya a karkace. Ta fito ko maɓallin rigar sanyi ba ta sa ba.

"Baba, sun tafi da shi."

"Da wa?"

"Sindre! Da asuba Oddvar ya kira. Wai al'ada ce, bakaniken da ya yi aikin giya shi ke bin jirgi wurin atisaye, shi ya fi sanin halinsa. Kwana goma, duk sawun da za a yi yana ciki."

Al'ada ce kuwa, Torleif ma ya bi jirage haka da ƙuruciyarsa. Ya jingina da shebur.

"Bai ce ba zai je ba?"

"Ya ce in ya ƙi, me zai ce ya hana shi?" Ta kama hannun rigarsa. "Ya rungume ni ya daɗe, Baba, bai taɓa yin haka ba in zai fita. Ai ka ce ba ka gan ta a ciki ba, ko? Ƙila tana magudanar ruwa."

"Ƙila."

"Kar ka ce min ƙila! Kai ka san jiragen nan. Ka ce min ba ta ciki."

Ya dube ta. Da ƙarya za ta fito daga bakinsa, da yau ce ranarta.

"To mu kira wani! Manjon nan, kira ta yanzu, ka faɗa mata komai, a kore shi, a ɗaure shi ma, ni na yarda!"

Ya laluba aljihu da yatsun da sanyi ya ƙandare, ya ciro waya. Tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Manjo tana can kan dutse tun jiya da yamma, inda waya ba ta shiga. Ya kira ofishinta, wata murya ta na'ura ta ce a sake kira ranar Litinin.

Sai ga ƙarar daga wajen filin jirgi, dif-dif-dif, tana ƙaruwa. Jirgin ya ɓullo ta saman itatuwa, ya karkata ya nufi duwatsu, lafiya lau kamar kullum. Ragnhild ta riƙe cikinta da hannu biyu. Torleif ya kasa kunne yana bin kowane bugu na farfelar, yana tunanin iyaye mata goma sha takwas da ke shan gahawarsu a wasu garuruwa, ba wanda ya gaya musu akwai abin saurare.

Jirgin ya shige bayan dutse, ƙarar ta yi ƙasa har ta ɗauke.

"Sau nawa zai tashi a rana?" ta tambaya a hankali.

"Shida."

Suna nan tsaye a cikin sanyi, kansu a sama, suna jiran ya dawo ɗaukar sawu na biyu.